Kalangun lantarki: abin da ke faruwa tsakanin gula da sifika

Wani ƙanena mai gyaran wayar hannu a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya shafe makonni yana haɗa abin da ya sa wa suna kalangun lantarki. Guntun bututun ruwa ya samo, ya ɗaure bakinsa da robar tiyub ɗin babur, ya liƙa wani ɗan faifan tagulla a ƙarƙashin robar, irin wanda ke tsuwa a cikin agogon tebur. Daga faifan wayoyi biyu suka tafi wani ɗan allo da bai fi gidan ashana ba, allon yana aika wa wayar hannu saƙo ta Bluetooth, ita kuma ta saki sautin kalangu da aka naɗa. Ranar da ya ga ya gama, muka hau babur zuwa Yelwa, gidan wani dattijo da ya tsufa yana yi wa mahauta kiɗa. Tsohon ya rataya abin, ya gyara masa zama a hammata, ya kai masa gula sau biyar ko shida, sai ya dakata.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Amma gangar nan taka sai ta yi shawara kafin ta amsa. Kuma na matse ta, ba ta ce da ni komai ba."

"Baba, ai sautin kalangun gaske ne a ciki."

"Na ji muryar. Bakin ne babu."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Abin da tsohon ya kama cikin bugu shida shi ne abin da masu wannan ilimi suka shafe shekaru suna fama da shi. Fitar da sauti daga na'ura ba wuya, kowace waya tana yi. Wuyar tana ga igiyar da ke ɗaure hannun makaɗi da sautin: ta amsa a kan kari, kuma ta ji duk abin da jiki ke gaya mata, ba bugun kawai ba.

Duk wani abin kiɗa irin wannan, hanya ɗaya yake bi. Akwai abin da ke jin taɓi ko matsi ko motsi, wanda masu gyara ke kira sensa. Shi ne ke mayar da motsin jiki ya zama ɗan canji a ƙarfin wuta. Sai wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ta auna wutar ta mayar da ita lamba, manhaja ta yanke abin da lambar ke nufi, ta lissafa sauti, a mayar da lissafin wuta, sifika ta kaɗa iska. Tunanin ba na jiya ba ne. Tun 1920 Lev Termen na Rasha ya ƙera abin kiɗan da ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba, hannu kawai ake matsarwa kusa da ƙarfe ko a janye. A 1984 Michel Waisvisz ya hau dandali a Amsterdam da sensoci ɗaure a hannuwansa biyu, kuma tun 2001 masu wannan sana'a ke da taronsu na shekara-shekara da suke kira NIME, wanda aka fara a Seattle ta Amurka.

Mu fara da ƙorafin farko, na shawara kafin amsa. A wannan fage da milisakan ake awo, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. David Wessel da Matthew Wright na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun rubuta a farkon shekarun 2000 cewa daga taɓi zuwa sauti bai kamata a wuce milisakan 10 ba, kuma kada jinkirin ya riƙa kai-kawo da fiye da milisakan 1. Mai karatu na iya cewa wane ɗan Adam ne zai ji irin wannan? To, ga ma'auni. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka milisakan 10 daidai yake da a ce kana buga ganga a hammatarka amma muryarta tana fitowa daga mita uku da rabi. Kalangun fata kuwa yana nan ƙasa da kunnenka da kamu biyu, ga shi kuma haƙarƙarinka yana jin kaɗawarsa tun kafin kunne ya ji. Wanda ya yi shekara hamsin a haka, ba za ka ɓoye masa jinkiri ba.

Ina lokacin ke tafiya? Mafi yawansa a jiran cikar mota. Kwamfuta tana wakiltar sauti da lambobi 44,100 a kowane sakan, amma ba ta aiki a kansu ɗaya bayan ɗaya. Tara su take yi rukuni-rukuni, kamar motar Marwa da ba ta barin tasha sai kujeru sun cika. Idan rukunin mai lamba 512 ne, kafin ya cika an ci milisakan 11.6, an riga an wuce iyaka tun ba a fara lissafin komai ba. Mai 128 yana cin 2.9, mai 64 kusan ɗaya da rabi. Sai a ce to a riƙa hawa babur mana, mai tashi da fasinja ɗaya. Ana iya yi, amma kowace tashi tana da nata kuɗin mai: gwargwadon ƙanƙantar rukuni, gwargwadon yawan katse ƙwaƙwalwar da ake yi ta bar abin da take yi ta zo ta yi lodi. Ranar da ta makara sau ɗaya tak, sifika ta yi ƙas, kowa a wurin biki ya ji.

A kan wannan sai a ɗora sauran zangon. Bluetooth mai tsimin wuta ba ya aika saƙo duk lokacin da aka ga dama, yana da nasa lokutan tashi, mafi kusa tsakaninsu milisakan 7.5. Idan bugunka ya zo daidai tashin mota, ka yi sa'a. Idan ya zo bayan ta bar tasha da taku ɗaya, sai ka jira ta gaba. Wayar hannu kuma, musamman masu arahar da suka cika kasuwanninmu, nata jinkirin kan ninka goman nan. Ga ta da hidima iri-iri: tana neman sabis, tana karɓar saƙon WhatsApp, tana kula da haske. Abin da ƙanena ya haɗa ke nan, tasha uku a jere, kowace da nata jira.

Kuma jiran da ba shi da tabbas ya fi jiran kansa ciwo. Robert Jack da abokan aikinsa a jami'ar Queen Mary ta Landan sun gwada wannan a kan makaɗa, suka buga sakamakon a 2018. Jinkirin milisakan 10 da ke tsaye wuri ɗaya bai ɓata wa makaɗan abin kiɗan ba, amma da aka sa goman nan tana rawa da uku gaba uku baya, sai darajarsa ta faɗi a wurinsu. Wannan ya yi daidai da hankali. Hannu yana iya sabawa da ganga mai nawa, ya riƙa riga ta da kaɗan. Wadda yau ta amsa da wuri anjima ta makara, ba a sabawa da ita. Daɗin kiɗanmu kuwa yana cikin ɗan jan nan da ɗan gaggawar nan da makaɗi ke yi da gangan, wanda ke sa ƙafar mai rawa ta ɗaga. Idan na'ura tana zuba nata jan da gaggawar a kai ba da izini ba, ta kwashe gishirin miyar.

Dalilin da ya sa masu wannan aiki suka koma ga ƙananan alluna da ake binnewa a cikin abin kiɗan ke nan, su bar laftof da waya. Allon yana da aiki guda, ba ya da wani ubangida sai gangar. Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, shi ya buɗe wa jama'a ƙofa. Samfurinsa Uno na asali yana auna wuta a matakai 1,024, yana iya yin awon kusan sau dubu goma a sakan, amma ma'ajiyar aikinsa kilobayit 2 ce kacal, gudunsa megahaz 16. Ya isa karatun sensa, bai isa lissafin sauti mai kyau ba. ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016, yana da ƙwaƙwalwa biyu masu gudun megahaz 240, ga araha, shi ya fi saukin shigowa hannun yaranmu ta Duwala ko ta ƙetaren iyaka. Teensy 4.0 na 2019 yana gudun megahaz 600, manhajar sautinsa tana aiki da rukunin 128. Duk waɗannan ba su da babban tsarin gudanarwa irin na kwamfuta. Kana ba su wuta sun tashi.

Raspberry Pi na 2012 wani abu ne daban, cikakkiyar kwamfuta ce mai tsarin gudanarwa na Linux. Linux kuwa kamar fada yake: kowane aiki sai ya tsaya a zaure an yi masa iso, kuma ba kullum ne aikin sauti ke riga shiga ba. Andrew McPherson da mutanensa a Queen Mary sun yi wa wannan dabara a allon da suka kira Bela, wanda suka fitar wa jama'a a 2016. Sun ɗora shi a kan wani allon kwamfuta mai suna BeagleBone Black, suka yi amfani da wani tsari mai suna Xenomai da ke ba aikin sauti damar shiga gaban sarki ba iso, ko wa ke zaure. Da haka suka sauko da jinkirin ƙasa da milisakan 1. Amma abin da ya fi burge ni a Bela shi ne yadda yake ɗaukar sensa da daraja ɗaya da sauti: ƙofofi takwas, kowace ana karanta ta sau 22,050 a sakan, a matakai 65,536, kuma da agogo ɗaya da na sautin. Ba a cewa sensa ta jira a gama da sauti. Tsadarsa da wahalar isowarsa Garwa su ne cikas, amma tunanin da ke cikinsa kyauta ne, ana iya kwaikwayonsa a allo mai araha gwargwadon ƙarfinsa.

Yanzu ga ƙorafi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko zurfi. Kalangu baki biyu gare shi, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi ya matse tsarkiyar da damtse, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Da wannan yake magana, don Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya na jiki da wuya ta wahala, haruffa ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. Akwai kuma sauti mai faɗuwa, irin wanda ya raba kai na bisa wuya da kai da ake ce wa namiji. Makaɗi yana fitar da shi ne ta hanyar bugu a matse sannan ya saki hammata sautin yana cikin tafiya. Taken mahauci ko na basarake da jama'a ke ganewa daga nesa, a damtse yake fitowa. Gula tana ba da lokaci ne kawai.

Su kuwa kayan kiɗan lantarki, a kan fiyano aka yanka musu riga. MIDI, yaren da kayan ke magana da juna da shi, ya fito a 1983 ta ƙoƙarin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan. Jimlarsa ta asali ita ce: an danna maɓalli kaza da ƙarfi kaza, an saki. Maɓallan lamba 0 zuwa 127, tsakanin kowane da na kusa da shi taki ɗaya daga cikin goma sha biyun da Turawa suka raba zangon murya. Kowane saƙo irin wannan yana cin kusan milisakan 1 a waya. A jerin kayan kiɗa 128 da aka tsayar a 1991 da sunan General MIDI akwai sitar ta Indiya, akwai koto na Japan, akwai kalimba, amma ko a jerin gangunansa babu ganga mai magana. Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. Kowa da kiɗan gidansu yake auna mudu. Sai dai wanda ya ɗauki mudun ya zo auna kalangu ko goge ko algaita, waɗanda rayuwarsu ke tsakanin maɓalli da maɓalli, dole ya ga ragi.

A lissafa. A ce daga sake zuwa matse muryar kalangu ta hau zango guda, wato yawan kaɗawar fata ya ninka. Masana suna raba zangon kashi 1,200. Idan ka aika matsin hammata ta ƙofar MIDI ta yau da kullum mai matakai 128, kowane mataki ya haura kashi 9. Kunne yana jin wannan, musamman a saki mai nawa: maimakon gangara sai ka ji ana sauka a tsani. MIDI yana da wata ƙofa ta lanƙwasa murya mai matakai 16,384, ita ya kamata a bi in dole ne. MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020 ya faɗaɗa matakan sosai. Amma idan sensa da mai lissafin sauti suna kan allo ɗaya a cikin cikin gangar, me ya kawo tafinta? Lambar ta tafi kai tsaye.

Da me za a ji matsin? A nan ne aikin ke da daɗi, a nan kuma ake shan wuya. Akwai wata 'yar leda mai jin matsi wadda ke ƙara barin wuta ta wuce gwargwadon dannawa. Tana da sauƙin haɗawa, amma tana da hali: lambar da take bayarwa a hanyar matsewa ba ita take bayarwa a hanyar saki ba, kuma idan an daɗe ana danne ta sai ta riƙa zamewa. Akwai ƙarfen da ke cikin sikelin lantarki na masu awon nama da hatsi. Awonsa daidai ne, amma ɗan aisin, wato ƙwayar lantarkin da aka saba haɗa shi da ita, HX711, sau 10 ko 80 kawai yake karatu a sakan. Ko a 80 ɗin, milisakan 12.5 ke tsakanin karatu da karatu. An yi shi don buhu mai zama wuri ɗaya. Ni na fi karkata ga maganaɗisu da sensar da ke jin kusantarsa, bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879, irin wadda ke cikin totur ɗin keken lantarki. A ɗaura maganaɗisu a tsarkiya, a kafa sensar a jikin gangar. Babu gogayya, babu abin da zai cinye, kuma ƙurar hunturu ba ruwanta da ita.

Ko an sami lambar, saura fassararta, kuma nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa. Suna raba abin daidai wa daida: rabin matsi, rabin hawa. Fata ba haka take ba. Kafin yawan kaɗawarta ya ninka biyu, sai ɗaurinta ya ninka huɗu. Damtsen tsohon nan ya haddace wannan lanƙwasa tun yana yaro, ko da bai taɓa jin lissafinta ba. In manhaja ta ba shi miƙaƙƙen layi, duk inda ya nufa sai ya wuce ko ya gaza. Kuma dole tsarkiyar ta yi masa gardama, ta ƙara tauri gwargwadon matsi, don da wannan gardamar yake sanin inda muryarsa take tun kafin ya buga. Sai matsalar tacewa: lambar sensa kullum tana ɗan rawa, balle a ESP32 da awonsa ba shi da tsabta sosai, kuma rawar tana fitowa a murya kamar makyarkyata. Maganinta a riƙa haɗa karatu da yawa ana ɗaukar tsaka-tsaki, amma duk karatun da ka jira, jinkiri ka ƙara. Babu lambar da littafi zai ba ka a nan. Sai ka zaunar da makaɗi, kana murɗawa yana bugawa, har ya gyaɗa kai.

Shi ma faifan tagullar da ke jin bugu yana da nasa sha'ani. Yana aiki ne da abin da 'yan'uwan nan biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880: wasu duwatsu in an matse su suna fitar da wuta. Bugu mai ƙarfi na iya fitar da bolt gomomi, alhali ƙafar ESP32 bolt 3.3 take ɗauka. Ba rizista babba a gefensa da dayod masu tare ambaliya, allon ba zai daɗe ba. Sannan hanyar da aka saba bi ita ce manhaja ta ga wuta ta tashi, ta ɗan jira milisakan ɗaya ko biyu ta ga iyakar tashin don ta san ƙarfin bugun, ta saki sautin da aka naɗa, ta toshe kunne na ɗan lokaci kada ta ɗauki girgizar baya a matsayin sabon bugu. Duk bugun makaɗi, da inda gula ta sauka, da yadda ya danne fata da yatsun hagu, an murƙushe su sun zama lamba ɗaya.

Akwai wata hanya da na fi so. Kada manhaja ta yanke hukuncin komai. A ɗauki abin da faifan ya ji a matsayin sauti ɗanye, a zuba shi cikin lissafin da ke kwaikwayon fata da kogon ganga, matsin hammata kuma ya riƙa ɗaure wannan fatar ta lissafi. Kevin Karplus da Alex Strong sun nuna tun 1983 cewa ɗan gajeren layin jinkiri da ke maimaita kansa yana ragewa ya isa ya ba da muryar tsarkiyar da aka tsinka, kuma kamfanin Korg ya fitar da ganga mai bin irin wannan tafarki, Wavedrum, a 1994. A wannan tsari, ka shafa fatar da tafin hannu a ji shafa, ka ƙwanƙwasa gefe a ji gefe. Ana iya gwada lissafin a manhajar Pure Data ta Miller Puckette ko a Faust da aka ƙirƙira a cibiyar Grame ta Liyon, duka kyauta ne, kuma Faust tana iya juya shi ya koma abin da ƙaramin allo zai ɗauka. Ba zan ɓoye ba, muryar farko da za ta fito ba za ta kai ta naɗaɗɗen kalangu daɗi ba. Amma tana da baki, kuma murya ana gyara ta a hankali.

Duk wannan a ƙasarmu za a yi shi, ba a ɗaki mai sanyi ba. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, abin kuma yana manne da jikin mutum mai gumi a tsakar rana. Raspberry Pi yana fara rage wa kansa gudu in ya kai digiri 80, kuma rage gudu a tsakiyar kiɗa shi ne ƙas ɗin nan da muka ce. Batiran da yara ke cirowa daga tsoffin laftof suna aiki, amma ba a son yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45. A hunturu iska ta bushe, jiki ya tara wutar nan mai tartsatsi da kan kashe aisi da taɓawa ɗaya. Sensar da ke auna nisa da sautin da kunne ba ya ji, ita ma zafi yana ruɗa ta, don sauti ya fi gudu a iska mai zafi, kusan mita 355 a sakan a digiri 40. Ga wuta. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 megawat 72 aka gina ta ta bayar, kuma duk ɗan arewa ya san yadda ake ji in ruwan Binuwai ya ja baya. Allo mai Linux da ke rubutu a katin ajiya yana iya lalata katin in wuta ta yanke masa ba sallama, kuma yana ɗaukar sakanni kafin ya farfaɗo. Saboda haka ni a nan na fi amincewa da ƙaramin allo marar Linux, mai batir a jikinsa, a kashe masa Wi-Fi da Bluetooth gaba ɗaya.

Wani abokina ya tambaye ni, akuya ba ta ƙare a kasuwa ba, masassaƙa suna nan, me ya kai mu wannan wahala? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce a leƙa wuraren biki da situdiyo. Fiyano ya riga ya karɓe aikin. Yaro ɗaya ya danna maɓalli, naɗaɗɗen kalangu ya yi ta zagaye a murya ɗaya har a tashi, makaɗa huɗu suna gida. Wannan kalangun na fiyano ba ya kiran sunan kowa, ba ya yi wa kowa take. Abin kiɗan da ke buƙatar damtsen gwani kafin ya yi magana, wanda kuma ake iya cusa shi a amfilifaya kamar fiyano, yana mayar da gwanin cikin fili. Damina ba ta sassauta masa fata, ba sai an gasa shi a bakin wuta ba, yaro kuma na iya koyo da abin kunne cikin dare ba ya tashi maƙwabta. In kuma an naɗi muryar gangar wani an zuba a na'ura, a tambaye shi, a biya shi. Kayan gadonsa ne.

Hannun yin aikin muna da shi. Wanda ke ɗaga aisin caji daga allon waya da iskar zafi ya mayar da wani, liƙa rizista da dalma wasa ne a wurinsa. Akwai jami'a a Ngaundere, akwai ta Marwa da makarantarta ta injiniya, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Arthur Zang, ɗan ƙasar nan, ya ƙera Cardiopad mai karanta bugun zuciya daga sensoci a jikin majiyyaci, har ya ci lambar Rolex a 2014. Aikin kusan ɗaya ne: ƙaramar wuta daga jikin mutum, a karanta ta da tsabta, a kan lokaci. Abin da ban cika gani ba shi ne ɗalibi da mai gyaran waya da makaɗi a tabarma ɗaya.

Ƙanena ya koma ya sake gini. Ya cire wayar hannu daga tsarin, ya sa ESP32 ya riƙa lissafin sautin da kansa, ya ƙara masa ɗan allon da ke mayar da lamba sauti mai tsabta. Ya koyi auna jinkiri ba da zato ba: ya ajiye makirfo ɗaya tsakanin fata da sifika, ya naɗi bugu, ya buɗe a manhajar sauti ta Audacity, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙarar gula da fitowar murya, sau ashirin, ya ga ko tazarar tana tsaye. Ya ja igiyoyi a jikin bututun, ya ɗaura maganaɗisu. Da muka koma Yelwa, tsohon ya daɗe yana bugawa fiye da karon farko. Ya gwada wani take, ya sake gwadawa, ya ce hawan ya yi amma saukar tana sauri, a ja ta kaɗan. Sannan ya nuna sifikar da muka ajiye a bakin zaure, taku shida daga inda yake zaune.

"Waccan fa? Me ya sa muryar ke can ni ina nan? A sa ta a ciki, in ji ta a haƙarƙarina."

Taku shida ya kai mita huɗu, kusan milisakan 12 ke nan da iska kaɗai ta ci bayan duk tsimin da aka yi a allo. Sai dai sifika a cikin gangar za ta girgiza faifan tagullar, faifan ya ji muryar kansa ya mayar, abin ya ɗauki kuka. Kuma wurin da za ta zauna nan batir yake. Ƙanena ya ce bututun roba ba zai ɗauki wannan ba. Ya je wurin wani masassaƙi ya ba da aikin kogon kalangu na itace, mai ɗan faɗi a ƙugu, da shamaki a tsakiya da zai raba ɗakin sifika da na fata. An ce ya dawo bayan kasuwa biyu.